Dan Allah malaman firamare ku zo mu samo wa wannan abu suna da Hausa

Salam jama'a. Jiya a taron malamai ina so in yi wa abokan aiki bayanin abin da Turawa ke kira setting, wato raba yara rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya kai a darasin Turanci, wallahi sai na tsaya ina kame-kame, na ce "setin", wata malama ta ce setin kujeru ko na kwanuka? Na koma ɗayar kalmar, streaming, wani ya ce ai wannan kallon ƙwallo ne a waya. To shi ne na ce bari in kawo nan mu yi ta a gaban kowa.

Da farko abu biyu ne, kar mu haɗa su. Sitirimin shi ne a raba yara aji A, B, C bisa ƙoƙarinsu, yaro ya wuni a nan, ya shekara a nan, lissafi da Turanci da komai. Setin kuma na darasi ɗaya ne kawai, lokacin Turanci ya yi kowa ya tafi wurin 'yan matakinsa, an kaɗa ƙararrawa ya dawo ajinsa. A Ingila ne aka fi yin wannan rigimar, firamarensu sun daɗe suna raba aji saboda jarrabawar da a wancan lokacin yaro ke yi yana ɗan shekara 11 don shiga sakandare, har rahoton Plowden na 1967, wato rahoton wani kwamitin gwamnati kan ilimin firamare, ya fito ya soki tsarin, makarantu da dama suka bari. Kuma wani abu da aka lura da shi can, tunda zangonsu a Satumba yake farawa, yaran da aka haifa a Yuli da Agusta su ne ƙanana a aji, sai a same su sun fi cika rukunin ƙasa. Kun ga ƙuruciya ce aka ɗauka rashin ƙwaƙwalwa.

Tun da na fara tambaya, ga kalmomin da aka turo min zuwa yanzu, na gode sosai.

Wani Malam ya ce "tankaɗe da rairaya". Malam kalma ce mai daɗi a baki amma gaskiya ban yarda ba. Duk macen da ta taɓa riƙe rariya ta san ƙarshen tankaɗe, gari ya sauka ƙasa, tsaki ya rage a sama a zuba wa kaji. Wane yaro ne tsakin? Ranar da malami ya fara kiran abin tankaɗe to a zuciyarsa ya riga ya ware waɗanda za a zubar.

"Wariya" kam ba sai na yi magana ba.

Wata Hajiya ta kawo "kasawa", daga kasa kaya kashi-kashi kamar yadda ake kasa tumatir a kasuwa. Hajiya ma'anar ta hau daidai, matsalar a rubuce take, tunda ba ma sa alamar tsawon wasali, kasawa ta rabo da kasawa ta gazawa iri ɗaya suke fita a takarda. Ki duba a rubuta wa uba a katin sakamako cewa ɗansa yana cikin "kasawa ta uku", ai kafin a yi masa bayani yaro ya sha bulala.

Akwai wanda ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya. Wannan karin maganar aure ce da zaman daidai da kai, kuma ma'anarta kowa ya tsaya inda yake kar ya haura, alhali mu haurawar muke nema.

Ni abin da ya sa na damu da kalmar nan haka, na koyar a wata makaranta da ake raba aji A zuwa C, ba wanda ya rubuta a takarda amma har mai sayar da awara a bakin get ta san C ajin daƙiƙai ake ce masa. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a ciki, in ka ba ta littafin Hausa za ta karanta maka shi tas ba gargada, amma ka rubuta mata night a allo sai ta tsaya tana ƙoƙarin furta g da h ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Hausa ta koya mata, kowane harafi da sautinsa, kuma ai ita ce da gaskiya a ƙa'idar da ta sani, Turancin ne ba ya tafiya a kan layi ɗaya. Abin da take buƙata 'yan makonni ne na koyon sautukan Turanci, amma aka ajiye ta shekara biyu a ajin da malamai ke shiga suna tsaki. Har yau abin yana ci min rai.

Kuma kar a ɗauka ina ƙin raba yara ne gaba ɗaya. A yammacin Kenya an gwada a makarantu 121 daga 2005, masu binciken su ne Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, aka ƙara malami aka raba aji ɗaya gida biyu, wasu makarantu bisa makin yara wasu kuma da ƙuri'a, bayan wata 18 aka ga inda aka raba bisa maki har na ƙasan sun ƙaru, saboda malami ya samu damar saukowa daidai inda suke. Duk wanda ya tsaya gaban yara ɗari a aji ɗaya, wani yana karanta labari wani bai gane b da d ba, ya san dalilin.

Irin wannan ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta a kai, wanda ya shigo Borno, ya shigo Kano a 2019 da sunan KaLMA, wato shirin bunƙasa karatu da lissafi na Kano, a Wudil da Dawakin Tofa, 'yan aji huɗu zuwa shida, Hausa da lissafi da Turanci. Ana gwada yaro shi kaɗai da takarda guda, a ga shin mafari ne, ko ya san harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari, sai ya zauna da 'yan uwansa na ɗan lokaci a rana, in ya iya a matsar da shi gaba ba sai ƙarshen shekara ba.

Ni da na ga wannan sai makarantar allo ta faɗo min. Ai mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mai babbaƙu yana gefe, mai farfaru yana gefe, wani ya yi nisa a izu, ba ruwan Malam da shekarunka, ka biya ka wanke allo a ɗora maka. Ba wanda ke ce wa mai babbaƙu daƙiƙi, an san hanya yake kai.

Saboda haka ga tawa shawarar: setin mu kira shi ZAMAN MATAKI. Zama saboda na ɗan lokaci ne ana tashi, mataki saboda hawa ake yi. Ya shiga jimla ba wahala, "ƙarfe goma akwai zaman mataki na Turanci", "an ɗaga ta daga matakin kalma zuwa na labari", rukunan kuma 'yan harafi, 'yan kalma, 'yan labari, ba na ɗaya da na kashin baya. Sitirimin kuma a bar shi da sunan da ya dace da shi, RABON AJI, don mai ji ya san yaron gaba ɗayansa aka ɗauke aka kai wani ɗaki.

Wani ɗan uwa daga Damagaram ya rubuto cewa su Faransanci suke fama da shi ba Turanci ba, amma zaman mataki ya zauna masa a kunne, sai dai yana ganin "rukunin mataki" zai fi kyau a takardar ofis. Na yarda yallaɓai, a rubuce a sa rukunin mataki, a bakin malamai da yara kuma zaman mataki. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan fara da 'yan aji huɗu na, in ji yadda za su riƙa faɗinta a tsakaninsu lokacin tara.