MX-5 ɗina ta fara yi min kaɗan a fili: in canza ko in gyara?

Ɗanbirni_MCR

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

A Manchester nake zaune, motar da nake shiga filin tsere da ita kuma Mazda MX-5 ce ƙirar 2007, mai inji lita 2.0 da giya shida. Ga wanda bai san abin ba, ba gasa muke yi ba. Filayen tsere na Birtaniya suna ware ranaku ne, ka biya kuɗi, ka sa hular kwano, ka shiga da motarka. Ba a ɗaukar lokaci, babu kofi, kuma ba ka wuce mutum sai a miƙaƙƙen wuri, shi ma sai ya kauce maka. Oulton Park ne ya fi kusa da ni, jefi-jefi kuma nakan je Anglesey.

Damuwata biyu ce. A kwana ina manne da manyan motoci, amma da an fito miƙaƙƙiya sai su bar ni a baya, sai kwana ta gaba in sake tarar da su sun tare min hanya. Sannan birki. In na yi 'yan zagaye da zafi, kafin kwanar Lodge ta Oulton Park sai in ji feda ta yi laushi tana nitsewa. Ga tsatsa ta fara cin ƙarƙashin bayan motar, mai duba MOT, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, ya rubuta min gargaɗi a kai.

In na sayar da ita na haɗa da abin da na tara, ina da kamar fam 16,000. Hankalina yana kan Toyota GT86 ko Porsche Cayman S ta farkon fitowa. BMW M2 ina sonta amma ta fi ƙarfin aljihuna. Ko kuwa in riƙe Mazdar in zuba mata kuɗi? Uwargida dai ta ce duk abin da zan saya ya zama yana da kujerar baya.

Injiniya_Sabo

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin a je ga sayen mota, yaushe rabonka da canza man birki?

Laushin fedar nan da ka faɗa ba ya nuna motar ta gaza. Man birki yana shan ruwa daga iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya daɗe ya sha ruwa, ƙa'idar ta sauko 155. Da ya tafasa sai kumfa ta taru a layi, ka taka feda kumfar kake matsawa. Ka zuba Motul RBF 600, wanda sabonsa yake kai wa sama da digiri 300, ko Castrol SRF in kana da hali. Ka sa birki-fad na fili irin Ferodo DS2500, ka duba faifan birkin ko ya tsattsage. Duka wannan bai kai kuɗin tayoyin bayan Cayman ba. Kuma ka riƙa yin zagaye ɗaya a hankali kafin ka fito, in ka tsaya kada ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya.

Maganar GT86 kuwa, yi lissafin da kanka. Taka tana da ƙarfin doki 160 a kan nauyin kilo 1,100 da 'yan kai. GT86 tana da 200 a kan kilo kusan 1,250. In ka raba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suke wuce ka yau, gobe ma za su wuce ka a cikin Toyotar, ka kashe kuɗinka kuma takaicin yana nan.

Abin da ya fi damuna a motarka shi ne shekararta. Injin 2.0 na kafin 2009 ba ya yafe ƙarancin baƙin mai. Doguwar kwana tana tura man gefe guda, in dama ya yi ƙasa sai metal ya tafi, inji ya buga. Ka riƙa zaro geji duk fitowa, man ya tsaya a layin sama. A 2009 Mazda ta gyara injin, ta sa masa karanshaf mai ƙarfi, ta ɗaga iyakar juyinsa zuwa 7,500. In tsatsar taka ta yi nisa, ni shawarata ka sayar ka nemi MX-5 ta 2009 zuwa sama mai lafiyayyen ƙarƙashi, ka sa mata shokozoba mai kyau, a yi mata alaimen na fili, ka ɗaura ƙarfen kariya a bayan kujeru. Canjin da ya rage ya tafi a kuɗin shiga fili da malamin tuƙi. Kusan kowane mai shirya ranakun nan yana da malamai da ake ɗauka na minti ashirin, su zauna a gefenka. A kwanonin Druids da Island Bend na Oulton Park malami zai nuna maka gudun da kake bari a ƙasa ba ka sani ba.

AbuKhalil_987

Injiniya, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa a kan birki haka yake. Amma mutumin nan bai ce yana son ya zama zakaran gasa ba. Ya ce ya gaji da zama a bayan mutane, kuma wannan ma dalili ne. Nishaɗi muke biya wa kuɗi.

Cayman nake ja, kuma ba zan ɓoye maka ba Ɗanbirni, injin da ke bayan kafaɗarka yana canza komai. Yadda take shiga kwana da yadda birkinta yake tsayawa daram tun safe har yamma, Mazda ba ta kai nan ba. Sai dai wadda kuɗinka zai saya ita ce wadda ake tsoro. Cayman S ta 2006 zuwa 2008, mai lita 3.4 da doki 295, an san ta da karcewar cikin silinda. Alamarta shan baƙin mai, baƙin hayaƙi a bakin salansa ɗaya, da ƙarar ƙyas-ƙyas in inji yana kunne mota tana tsaye. Gyaran injin kaɗai zai iya cinye fiye da rabin kuɗin motar. Kada ka saya sai gareji da ya san Porsche ya zura kyamara ta ramin fulogi ya duba silinda shida ɗin. Ta 2009 zuwa 2012 sabon inji gare ta, doki 320, an kuma cire IMS, wata sanda ta cikin tsohon injin da ake yawan kuka da ita. Ita ce ta saye, amma mai kyau za ta haura abin da ka ware.

Ka kuma lissafa abin da take ci. Tayar Mazdarka 205 ce a kan rim 17. Tawa 235 a gaba, 265 a baya, rim 18. Inshorar hanya ba ta biyan abin da ya faru a fili, sai ka sayi ta ranar daban, kuma da darajar mota ake yanke kuɗinta. Akwai wani abu ma da ba a cika faɗa ba: motar da kake tsoron ka goga wa bango ba za ka taɓa taka ta yadda kake taka mai araha ba. Kujerar baya kuma babu, wannan kai da uwargida.

Mai_Shayi_Fagge

Ikon Allah. Wato kuɗi kuke biya da fam don ku ƙone tayar da kuka saya da fam? Mu nan ranar ɗaurin aure yara suke yi mana kyauta a kan titi, mu ne ma muke gudun ceton rai. Gara naku dai, tunda akwai hular kwano da motar asibiti. Allah ya tsare.

Maman_Ilham

Malam Ɗanbirni, ni ce mai GT86 a nan, bari in kare ta kaɗan. A Lincoln nake, Cadwell Park ne filina.

Injiniya ya yi gaskiya, a miƙaƙƙiya ba za ta burge ka ba. Akwai ma wani rami a ƙarfinta wajen juyi 4,000, ka taka ka ji kamar tana tunani, sai ta haura sannan ta farka. A fili ba ya damuna sosai don ba na barin allura ta sauko nan. Tayar da ta zo da ita daga kamfani, Michelin Primacy, taya ce ta tsimin mai, da gangan aka sa don bayan motar ya riƙa zamewa da wuri. Na cire na sa Pilot Sport 4, sai ta zama wata mota. Ita ma tana buƙatar man birki da fad kamar taka, kuma in za ka yawaita shiga fili lokacin zafi ka sa mata abin sanyaya baƙin mai.

Abin da take da shi wanda lissafin doki ba ya nunawa: rufi na ƙarfe, da bayan da in ka kwantar da kujeru tayoyi huɗu suke shiga. Ina tafiya da tayoyin fili, jak da akwatin sifana, in canza a can, in dawo gida a kan tayar hanya. A MX-5 sai dai tirela. Kujerar bayan ta yara ce, babba ba zai yi doguwar tafiya a ciki ba, amma kujerar jariri tana zama.

Ko wacce ka saya, kada ka yi saurin canza salansa. Ana gwada ƙara kafin a bar ka ka shiga, rabin mita daga bakin salansa, inji a kashi uku cikin huɗu na iyakar juyinsa. A Cadwell da Oulton yawanci desibel 105 ne iyakar ƙarar, a filin Bedford 101, kuma akwai na'ura a gefen fili da ke kama ka kana gudu. Na ga wanda aka mayar gida tun kafin azahar, kuɗinsa kuma ba a dawo masa ba.

Ɗanbirni_MCR

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, man birkin tun wanda na sayi motar da shi ne. AbuKhalil, ka sa na haƙura da Cayman sai wani jiƙon. Ranar Asabar zan kai Mazdar a ɗaga ta a ga iyakar tsatsar. In ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya ne kawai, zan canza shi in yi birkin in ƙarasa shekarar da ita. In ta ci jikin motar, Toyota zan nema. Hajiya, akwai shekarar da zan guje wa?

Maman_Ilham

Na farko-farko, 2012 da 2013, an kira wasunsu a canza musu sifirin ɗin bawul. Ka ɗauki lambar jikin motar ka tambayi dilan Toyota ko tana ciki, kuma ko an yi aikin, ka nemi takardar. Ka saurari kulochi in ka taka, in yana kuka a rage maka kuɗi. In ka samu ta 2017 zuwa sama a cikin kuɗinka, ita zan ɗauka. Subaru BRZ ma mota ɗaya ce, ka haɗa da ita a nemanka.

Injiniya_Sabo

In an ɗaga Mazdar, a cire robobin gefe a duba ƙarƙashin ƙofa ta wajen tayar baya, a caka da sukundireba, kada a tsaya a kallo. Ka turo hotuna in gani kafin ka biya kowa kuɗin walda.