Call of Duty 2: shi ya gyara gem ɗin harbi ko shi ya ɓata shi?

Mai Gidan Gem: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na tono tsohon laftof ɗina na sake ɗora Call of Duty 2, wancan na 2005 da Infinity Ward suka yi, na zauna a kansa tun bayan isha'i har wajen biyun dare. To ga magana, na san za a taso min amma sai na faɗa: gem ɗin nan shi ne mafarin lalacewar gem ɗin harbi. Dalili ɗaya tak, cire akwatin magani da suka yi. A na farko na 2003, da Medal of Honor Allied Assault na 2002, in aka harbe ka jininka ya ragu to ya ragu kenan, sai ka bi lungu lungu kana neman magani gabanka na faɗuwa. A wannan kuwa Bajamushe zai zazzage maka harsashin babbar bindiga mai sarrafa kanta, MG42, allo ya yi ja, ka laɓe bayan katanga na 'yan daƙiƙu, shikenan ka miƙe garau kamar wanda ya sha maganin bindiga. Daga nan kowa ya kwaikwaya. Wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Haba yallaɓai, da sassafe haka? Na farko dai ba su suka fara ba, Halo 2 ya fito 2004 kuma babu akwatin magani a cikinsa. Na biyu, ka manta wahalar da muke sha ne a Allied Assault. Gem ya yi maka ajiya jininka saura kaɗan, gaba maharbi na jiranka, baya babu magani, sai ka mutu sau ashirin a wuri guda ko ka sake lebul ɗin daga farko. Wannan ba tsoron yaƙi ba ne, azaba ce kawai.

Mai Gidan Gem: Na Halo sulke ne na sojan sararin samaniya, an ba ka dalili. Wane sulke ne a jikin talakan sojan Rasha a Stalingrad 1942?

Autan Gida: Yaya Mai Gidan Gem to shi akwatin maganin gaskiya ne? A harbi mutum a ciki ya taka akwati da ƙafa ya warke nan take, wane asibiti ake haka 😂

Injiniya: Auta ka gama magana. Duka biyun ƙarya ce, tambaya ita ce wacce ƙaryar ta fi sa wasa daɗi. Kuma ku duba abin da cire maganin ya ba su dama su yi. Tunda mai tsara lebul ya san duk faɗan da za ka shiga da cikakken jini za ka shige shi, sai ya saki hannu ya turo maka Jamusawa rututu, ga gurneti ga turmi ga tanka duk lokaci guda. Kare dutsen Hill 400 na Jamus da ake yi a ɓangaren Amurka, inda ake hawo muku ta ko'ina kana gudu daga wannan gefen dutse zuwa wancan har jiragen Mustang su iso, da akwatin magani ba zai yiwu ba, sai dai su zuba akwati ɗari a kan dutsen.

Mai Gidan Gem: To ai ka kawo ni inda nake so. Rututun nan da kake yabo shi ne ciwo na biyu. A wurare da yawa abokan gaba ba sa ƙarewa, ka kashe na bakin taga wani ya fito ya tsaya daidai inda na farko ya faɗi, ka kashe shi wani ya zo, har gobe in ba ka matsa gaba ka taka wani layi da ba ka gani ba. Jiya da gangan na zauna wuri guda da Mosin, bindigar sojan Rasha, ina ɗauke su ɗai ɗai har na gaji. Wato gem ɗin ba ya saka wa mai haƙuri da dabara, mai rufe ido ya ruga shi yake so.

Na Damagaram: Wannan kam gaskiyarka ce babban yaya, ban musa ba. Amma ai sun ba ka maganinsa, gurnetin hayaƙi. Ni a ganina shi ne abu mafi kyau a gem ɗin duka. Ka jefa, ka jira ya turnuƙe, mai MG ya daina ganinka da gaske ba wai ado ba ne, ka kutsa ciki ku yi kiciɓis da Bajamushe a tsakiyar hayaƙi ka maka masa gindin bindiga. A 2005 hayaƙin nan kaɗai ya isa a sayi Xbox 360, don tare suka fito a Nuwamba.

Autan Gida: Ni fa na buga shi a PS2 a gidan gem na unguwarmu kuma na tuna akwai magani a ƙasa ana ɗauka, me kuke cewa ne wai

Injiniya: Ƙanena ba shi ka buga ba. Naka Call of Duty 2 Big Red One ne, Treyarch suka yi shi don PS2 da tsohon Xbox da GameCube, labarin runduna ɗaya ta Amurka yake bi tun daga Arewacin Afirka. Suna ne kawai ya haɗa su. Wanda muke magana kwamfuta ne da Xbox 360, bai taɓa sauka a PS2 ba. Mutane da yawa a nan haka suke rantsuwa sun buga shi alhali ɗan uwansa suka buga.

Autan Gida: Innalillahi, shekara nawa ina cika baki 😭

Malamin Tarihi: Ku bar ni in shigo ta wata ƙofa, don ni maganar jini ba ta dame ni ba. Abin da na yaba musu shi ne inda suka tsaya suka yi karatu. Ku ɗauki Pointe du Hoc, a gaɓar tekun Normandi ta Faransa. Ranar 6 ga Yuni 1944 sojojin Ranger na Amurka kusan 225 ƙarƙashin Laftanar Kanar James Rudder suka hau gaɓar dutse mai tsayin kusan mita 30 da igiya ana harbinsu daga sama, don su lalata manyan bindigogin Jamus, suka isa suka tarar an kwashe bindigogin an jera gumagumai a madadinsu. Sai can ciki aka gano su aka lalata. Bayan kwana biyu waɗanda ke iya riƙe bindiga ba su fi 90 ba. Gem ɗin haka ya bi labarin, har rashin samun bindigogin a wurin. Wani kamfanin da sai ya ajiye maka su a bakin dutse ka fasa a tafa maka. Amma inda nake da ƙorafi shi ne ɓangaren Ingila. Kana El Alamein a Masar, ka wuce Libiya da tankar Crusader, ka shiga Toujane da Matmata a Tunisiya, gidaje ga su nan, lunguna ga su nan, amma babu mutumin gari ko ɗaya. Ba tsohuwa, ba yaro, ba mai jaki. Kamar ƙasar fili ce da Allah ya shimfiɗa don Turawa su zo su yi faɗa. Kuma rundunar da ta yi El Alamein a 1942 akwai Indiyawa a ciki, akwai 'yan Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, a gem kuwa daga Kyaftin Price mai gashin baki sai MacGregor sai 'yan uwansu.

Na Damagaram: Malam Allah ya ƙara basira, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Rundunar Leclerc, kwamandan Faransa, daga Chadi ta taso, yawancin sojojinta baƙaƙen fata ne, su suka karɓe Kufra a hannun Italiya a Maris 1941, suka ƙetare Fezzan, suka haɗu da rundunar Ingila ta takwas, kuma a Maris 1943 suna kudancin Tunisiya ana faɗan layin tsaro na Mareth. Wato daidai yankin da watan da gem ɗin ya ajiye ka a Toujane. Ko fuska ɗaya ba a nuna ba.

Injiniya: Na ji, amma a yi adalci. Wane gem ne a lokacin ya nuna su? Ba laifin wannan kaɗai ba ne. Mazan jiyanmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama da Japan, har yau wa ya yi musu kamfen guda? Shi wannan aƙalla ya fara da Rasha, ya ba su kaso mai tsoka, a zamanin da yawanci Normandi kawai ake nuna maka kamar Amurka ce ta yi yaƙin ita kaɗai.

Malamin Tarihi: Injiniya laifin da kowa ya yi bai zama ba laifi ba. Kuma ita Rashar ma wace iri aka nuna? An fara a Mosko da kwamisa, jami'in siyasa na rundunar Rasha, yana koya maka jifan gurneti da dankali don wai gurneti ya fi ka tsada. Abin dariya ne na yarda, na yi dariya, amma hoton da Turawan yamma suka saba zanawa ne.

Uwar Maharba: Ku maza kun tsaya tarihi. Ni abin da ya riƙe ni shi ne bututun nan na Stalingrad, kana rarrafe a ciki a sama Jamusawa na ƙasa, da sun ji motsi sai harsashi ya dinga huda ƙarfen haske na shigowa ta hujin. Da wanda ake bin wayar tarho ana ɗaura inda ta tsinke cikin ƙanƙara. Ba wani dogon bidiyo, ba a ƙwace maka linzami ana nuna maka fim, kai ne a ciki. Kuma sojojinka suna ihu suna gaya maka ga su can bene na biyu, ga mai MG a hagu, in ka saurara da gaske yana taimako. Amma baba Mai Gidan Gem akwai inda zan mara maka baya, babu wanda na damu da shi a labarin. Vasili Koslov, John Davis, Bill Taylor, sunaye ne a allon lodi kawai, ba sa magana, abokanka kuma suna mutuwa ana kawo wasu masu sabon suna. Ko ƙarshen ma, an ƙetare kogin Rhine an fasa tankokin Tiger sai kawai aka ce an gama. Na zauna ina jiran saura.

Mai Gidan Gem: Yauwa 'yar uwa. Kuma wannan da maganar jinin duk abu ɗaya ne. In rauninka ba ya bin ka zuwa ɗaki na gaba, in abokinka ya faɗi an maye gurbinsa kafin ka juya, in abokin gaba ba ya ƙarewa, to babu abin da ke da tsada a yaƙin. Komai ana sake cika shi kamar randa.

Injiniya: Yallaɓai a wane mataki ka buga jiya? Faɗi gaskiya.

Mai Gidan Gem: Regular.

Injiniya: Shi ya sa! Je ka saka Veteran, matakin da ya fi kowanne wuya, ka dawo mu yi magana. Harsashi biyu uku ka tafi, kuma gurneti na sauko maka kamar ƙanƙarar damina, alamar nan ta gurneti tana nuna maka hagu da dama lokaci guda ga shi babu gudu a gem ɗin, tafiya ɗaya ce sai tsugunno sai kwanciya. A nan ne za ka san laɓewa ba hutu ba ce.

Uwar Maharba: Veteran ɗin ma ba wayo aka ƙara musu ba Injiniya, ido aka ƙara musu da gurneti. Ka leƙo da kai kaɗan a harbe ka daga ƙarshen gari. Lebul ɗin rumbun hatsi inda kake sama kana ɗauke masu turmi kafin su kafa, sau nawa na kusa jefar da maus.

Na Damagaram: Duk kun manta da abin da ya sa har yau ake ajiye shi a kwamfuta, buga shi da mutane. Filayen Toujane da Carentan, bindigar Jamus Kar98k a hannu, harbi ɗaya in ka saita da kyau, in ka kuskure kafin ka ja ƙugiya an gama da kai. Ba jirgi mai zuwa don ka kashe mutum bakwai, ba buɗe makami sai ka kai wani matsayi, ba sayen kaya da kuɗi, wanda ya fara yau da wanda ya shekara bindiga ɗaya suke ɗauka. Jirgin da buɗe makamin nan daga Call of Duty 4 Modern Warfare na 2007 suka fara shigowa, sayen kayan kuma daga baya. In lalacewa kake nema babban yaya can za ka duba. Mu da waya muke haɗa kwamfuta huɗu a shago ba ruwanmu da data, kuma in injinka ya tsufa ka mayar da saitin hotonsa DirectX 7 ya tashi lafiya lau.

Autan Gida: To ni dai yanzu wanne zan nema, wannan ko in koma Big Red One ɗina?

Injiniya: Wannan. Yana Steam, shagon gem na intanet, kuma kusan kowane laftof na yanzu zai ɗauke shi. Ka fara da Hardened, matakin da ke tsakanin Regular da Veteran, kar ka bi ta yallaɓai.

Mai Gidan Gem: Ban janye ba fa, ku rubuta ku ajiye. Na yarda hayaƙin ya yi, na yarda Pointe du Hoc ya yi, Toujane kuma ko yanzu aka haɗa waya zan zauna. Amma maganar jini ina nan a kan bakana. Yau da dare in an kawo wuta zan saka Veteran in fara daga dankalin.

Uwar Maharba: Ka turo mana hoton allo duk sanda ka mutu baba, mu ƙirga.

Malamin Tarihi: Wayarsa za ta cika kafin ya fita daga Mosko.