Shekara biyu muna raba shayi da barguna da dare: muna rage matsalar ne ko muna raya ta?

Baƙuwar Birni ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai, ina so masu sani da waɗanda suka taɓa wannan aiki su taimaka mini da amsa.

Shekara biyu ke nan ina cikin wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke fita daren Talata da daren Juma'a domin kai wa masu kwana a titi shayi mai zafi da burodi da safa da barguna. Birnin da muke ciki yana daga cikin biranen da suka fi arziki a duniya. Titin da muke fara zagayenmu a kansa titin bankuna ne da manyan kantuna, inda fitilu ke kwana a kunne cikin ofisoshin da babu kowa, alhali mutane suna kwance a kan kwali a bakin ƙofofin waɗannan ofisoshi.

Akwai wani dattijo da na haɗu da shi tun daren da na fara fita. Mutum ne mai tsafta ƙwarai, yakan naɗe kwalinsa da asuba ya ɓoye shi bayan wata tukunyar fure, takardunsa kuma suna cikin leda a ƙarƙashin rigarsa, ba ya rabuwa da su ko yana barci. A wancan dare ya ce mini kwana kaɗan zai yi a wurin kafin al'amuransa su daidaita. Makon jiya na miƙa masa wani sabon bargon, ban ma san ko na nawa ba ne, kuma abin da ya canja kawai shi ne ya matsa gaba da ƙofa biyu, domin masu ginin farko sun dasa ƙusoshin ƙarfe a inda yake shimfiɗa.

A hanyarmu ta komawa wani abokin aikinmu ya ce mu ne muke sa hukuma ta samu sukunin kau da kai, tunda muna sassauta wahalar har ta zama abin da za a iya jurewa. Wata kuma ta ce mai jin sanyi a daren yau ba zai jira a gyara doka ba. Na ga gaskiya a bakin kowannensu, shi ya sa na kasa barci. Shin aikinmu yana fitar da wani daga titi, ko kuwa muna taimaka masa ne ya daɗe a can?

Tsohon Jami'in Gidaje ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na yi shekaru ina aikin sama wa mutane matsuguni kafin in yi ritaya, kuma zan faɗa miki abin da na gani ba tare da kwana-kwana ba. Shayi bai taɓa fitar da kowa daga titi ba, amma kuma ban taɓa ganin wanda ya zaɓi kwana a kan siminti saboda ana kawo masa shayi sau biyu a mako ba. Abokin aikinki ya ɗora wa bargo laifin da ba nasa ba.

Abin da ke jefa mutane waje a birni mai arziki shi ne arzikin kansa, domin shi ke ɗaga kuɗin haya har ya wuce ƙarfin mai ƙaramin albashi. A Amurka, ƙidayar da aka yi a dare ɗaya cikin watan Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 da ba su da muhalli, kuma jihohin Kalifoniya da Niyok, waɗanda ke cikin mafiya arziki da tsadar haya, su ne kan gaba. Jihar West Virginia kuwa ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi yawan mace-mace sanadin shan ƙwaya, ga talauci, amma masu kwana a waje ba su da yawa a can idan aka kwatanta, saboda ɗaki yana da araha. Shaye-shaye da taɓin hankali da mutuwar aure suna nuna wa zai fara faɗuwa, amma tsadar ɗaki ce ke nuna mutum nawa za su faɗi.

A da, tsarin da ake bi kamar hawa matakala yake: mutum ya fara daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya zauna a ɗakin kwanan jama'a ya nuna ladabi, sannan a ƙarshe a ba shi ɗaki nasa. Mafi yawa sukan zame tun a matakin farko, domin yana da wuya mutum ya bar kwalba alhali ita ce ke sa shi barci a cikin sanyi da tsoro. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a Niyok, ya juya tsarin: a fara ba mutum makullin ɗaki da yarjejeniyar haya da sunansa, ya riƙa biyan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, sannan a kawo masa taimakon likita da na ma'aikatan jin daɗin jama'a ba tare da an gindaya masa sharaɗin daina shaye-shaye ko karɓar magani ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka ba ɗaki ta wannan hanya sun ci gaba da zama a ciki.

Ƙasar Finlan ta mayar da wannan tsari manufar gwamnati a 2008. A Helsinki an ɗauki wani tsohon ɗakin kwanan jama'a mai gado 250 an mayar da shi ƙananan gidaje kimanin 80, kowanne da ƙofarsa da makullinsa. Ƙasar da ke da marasa muhalli wajen 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 ta sauko ƙasa da 4,000 a 2023. Sai dai in faɗi gaskiya duka: babban gwajin da Kanada ta yi a birane biyar daga 2009 zuwa 2013, da mutum sama da 2,000, ya nuna sabon tsarin ya fi na dā nesa wajen tsayar da mutum a gida, amma wajen rage shaye-shaye bambancin bai taka kara ya karya ba. Gida yana maganin rashin gida ne, sauran cututtuka kuma kowacce da nata maganin.

Kuma kada wani ya ce miki abin ya fi ƙarfin birni mai kuɗi. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, Ingila ta kwashe dubban masu kwana a titi ta sa su a ɗakunan otal cikin 'yan kwanaki. Abin da aka ce ba zai yiwu ba shekara da shekaru ya yiwu a ƙasa da wata guda, da aka ga dama.

Wanda Ya Taɓa Kwana Waje ya amsa:

Baba ya yi bayanin da ba ni da ilimin yin irinsa, ni zan yi magana ne daga inda na kwanta. Wata goma sha ɗaya na yi a waje bayan kamfanin da nake wa aiki ya rufe, bashin haya ya taru, mai gida ya karɓi ɗakinsa. Na fara da kwana a mota, da aka ɗauke motar sai na koma bakin tashar jirgin ƙasa.

Malama, yunwa ba ita ce ta fi ci mini rai ba, domin a babban birni wanda ya san wurare ba ya rasa abin sawa a baki. Abin da ya fi ciwo shi ne dubban mutane su wuce ka tun safe har dare babu wanda ya haɗa ido da kai, har ka fara shakkar ko ana ganinka. Akwai lokacin da na lissafa kwana tara ban ji an kira sunana ba. Ranar da wata mata cikin masu kawo shayi ta durƙusa daidai da ni ta kira ni da sunan da na faɗa mata makon da ya wuce, sai da na juya fuska don kada ta ga hawayena.

Amma ba shayinta ne ya fitar da ni ba. An sace jakata da dukan takarduna ina barci, kuma daga nan na faɗa wani rami da wanda bai shiga ba ba zai gane shi ba: ba ka samun aiki sai da asusun banki, ba ka buɗe asusu sai da katin shaida da adireshi, ba ka sabunta kati sai da adireshin da za a aiko maka da shi, wayarka kuma ta mutu babu inda za ka sa ta caji, saboda haka ko an kira ka ba za a same ka ba. Sau biyu na je wani ofishi aka ce in dawo da takardar da ba ni da hanyar samu, sai na daina zuwa. Matar nan ce ta samo mini wata cibiyar yini, wato wurin da marasa muhalli ke zuwa da rana neman taimako, da ke yarda a yi amfani da adireshinta wajen karɓar wasiƙa, ta ɗauki hutun rabin yini a wurin aikinta, ta zauna tare da ni awa huɗu a kan benci har aka kira lambata. Da baƙuwar fuska ce ta ce in bi ta, da ban bi ba. Na bi ta ne saboda ta yi wata huɗu tana zuwa a daren da ta ce za ta zo.

Ina da roƙo ga duk mai wannan aiki. Kada ku ɗauki hoton mutum yana karɓar abinci, ko da niyyarku neman gudummawa ce. Kada ku yi alkawarin da ba ku da tabbacin cikawa, domin wanda ke titi an saɓa masa alkawari har ya gaji. Idan kuma mutum ya ƙi zuwa ɗakin kwanan jama'a, ku tambaye shi dalili kafin ku ce taurin kai ne. Wani an taɓa yi masa sata a can, wani ba za a bar shi ya shiga da matarsa ba, wani karensa ne kaɗai abin da ya rage masa, kuma kusan ko'ina da gari ya waye za a ce kowa ya fita da kayansa.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara rufa asiri, maganarka ta taɓa ni ƙwarai. Ina so in ƙara wani abu ta fuskar lafiya, domin ina ganin Baba ya ɗan rage wa bargo daraja. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya na 2021 sun nuna cewa marasa muhallin da suka rasu a Ingila da Wales, matsakaicin shekarunsu wajen 45 ne ga maza, 43 ga mata. Wanda bai kai safiya ba, babu makullin da zai amfane shi.

A sashen gaggawa abin da muka fi gani shi ne ƙafa. Mutum ya yi mako da jiƙaƙƙiyar safa a cikin takalmi, fata ta yi fari ta saɓule, ƙaramin ciwo ya zama gyambo, in kuma yana da ciwon sukari abin yakan kai ga yanke yatsa. Busasshiyar safa guda biyu tana hana wannan. Sai sanyi: idan kuka tarar da mutum yana karkarwa, jikinsa yana faɗa da sanyin ne, amma idan karkarwar ta tsaya, maganarsa ta sarƙe, yana ta gyangyaɗi, to ku kira motar asibiti nan take, kada ku ɗauka maye ne kawai. Barasa tana sa mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Ku kuma tuna cewa mata ba safai suke kwanciya a fili ba saboda tsoron cin zarafi; sukan kwana a zaune cikin motar haya ta dare ko wurin da ke buɗe har safe, don haka zagayen da ke bin bakin ƙofofi kaɗai ba zai gan su ba.

Baƙuwar Birni, game da abokin aikinki da ya ce kuna sauƙaƙa wa hukuma, tarihi bai goyi bayansa ba. A ranar 1 ga Fabrairun 1954, limamin Kirista Abbé Pierre, wanda ya kafa ƙungiyar Emmaüs mai taimakon marasa muhalli, ya yi kira ta rediyo bayan sanyi ya kashe wata mata a kan titin Faris tana riƙe da takardar da aka kore ta da ita daga gida. Mutanen Faransa suka yi ta kawo barguna da kuɗi, kuma a 1956 aka kafa dokar hana korar ɗan haya a lokacin hunturu, wadda har yau tana aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A 2018 ma 'yan sa-kai ne suka bi titunan Faris a dare ɗaya suka ƙirga kusan mutum 3,000 da ke kwana a waje, adadin da ya zama hujja a hannun masu neman a ƙara wuraren kwana. Wanda ke fita da dare shi ke da shaidar gani da ido, in dai bai bar ta a cikinsa ba. Ku riƙa rubuta adadin mutanen da kuka gani a kowane zagaye, ba tare da sunaye ba, ku kai wa wakilanku a majalisar birni.

Ko bayan an ba mutum ɗaki ma aikinku bai ƙare ba. Na san waɗanda suka koma titi da makulli a aljihu, saboda shirun ɗaki da kaɗaici sun fi ƙarfinsu, duk wanda suka sani kuma yana can waje.

Baƙuwar Birni ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Daren Juma'ar nan na bar sauran suka ci gaba da zagaye, na zauna kusa da dattijon, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba cikin shekara biyu, wato me ya tsaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya zaro ledar daga ƙarƙashin rigarsa ya buɗe mini. Katin shaidarsa ya daina aiki tun kafin in san shi, kuma akwai wata wasiƙa da aka gayyace shi ganawa kan batun ɗaki, wadda ta iso hannunsa bayan ranar ganawar ta wuce. Tun daga lokacin bai sake komawa kan batun ba.

Na samu wata cibiyar yini da ke karɓar wa mutane wasiƙa, kuma na nemi hutun safiyar Litinin a wurin aikina. Da na ce zan raka shi, sai ya ce ba ya so ya ɗora mini nauyi, ya mayar da takardun cikin leda. Bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Malam da ka taɓa kwana waje, ina neman shawararka kafin Litinin: in sake yi masa maganar a daren Lahadi, ko in je kawai da safe in tsaya inda zai gan ni, in bar shi ya yanke da kansa?