Kan nono ɗaya ya lotsa, ɗaya ya yi tudu bayan aikin rage nonon namiji: zai daidaita?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum. Ƙanina ne ɗan shekara 24 aka yi wa tiyatar rage nono a wani asibiti a birni, yau mako bakwai. Kan nonon dama ya lotsa kamar an danna da yatsa, na hagu kuma ya yi tudu, ƙasansa da tauri. Tabon ɗinkin ya yi baƙi, yana ƙaiƙayi. Wasu na cewa a kai shi wurin wanzami a yi ƙaho, wasu na cewa man bilicin zai goge tabon. Ga damina ta kama, yana son komawa gona. Mene ne abin yi?

Malamin Jinya, Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mako bakwai ya yi wuri a yanke hukunci. Kumburin wannan aiki yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya sauka, kuma ɓangarorin biyu ba sa sacewa tare, musamman da yake tun asali wani nonon yakan fi wani girma. Taurin da ake ji a ƙasan na hagu galibi naman tabo ne na ciki, wanda yakan tsananta a makonnin nan sannan ya yi laushi. Amma a danna a gani. Idan yana motsi kamar ruwa a leda, ruwa ne ko tsohon jini ya taru, likita zai zuƙe da sirinji, wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku.

Maganar ƙaho a bar ta kwata-kwata. An rage wa kan nonon hanyoyin jini a lokacin aikin, duk wata tsaga ana iya samun ƙwayar cuta ta shiga, fatar ta mutu, a ƙara tabo a kan tabo.

Kada a jira idan aka ga zazzaɓi, mugunya, wurin ya yi zafi da ja, kumburi ya tashi farat ɗaya, ko kan nonon ya yi baƙi ƙirin yana ɓawo. A ranar za a koma asibiti.

Mai Fiɗa:
Bari in tsaya a kan na daman, don shi ne ya fi bukatar sa ido. Yadda ake aikin, ana yanka rabin da'ira a gefen ƙasa na baƙin da ya kewaye kan nono, a ciro naman nonon mai tauri, wani lokaci a haɗa da zuƙe kitse. Ƙa'ida ita ce a bar ɗan faifan nama, kaurin kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya, a ƙarƙashin kan nonon ya zama kamar matashin kai. Idan an kwashe shi duka, fatar sai ta manne da tsokar ƙirji, wurin ya zama kwarmi kamar faranti.

To amma lotsawa iri biyu ce. Akwai wadda kumburin da ke kewaye ne ya sa tsakiya ta zama kamar rami, wannan tana gyaruwa da kanta. Akwai kuma ta rashin nama ko mannewa. Ya tsaya gaban madubi ya ɗaga hannuwa sama, sannan ya dafa ƙugu ya ƙanƙame ƙirji. Idan ramin ya ƙara zurfi ko fatar ta tattare, akwai mannewa. Tausa na taimaka mata: da yatsu biyu, a zagaye, minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, da ɗan man kaɗanya ko basilin, muddin ciwon ya rufe. Abin da tausa ba za ta iya ba shi ne dawo da naman da aka cire.

Gyara kuwa ba a taɓa shi sai an cika wata 6, da yawa ma sun fi son shekara, don aiki a kan nama mai kumburi kamar auna filin gona ne cikin ambaliya. A lokacin ana iya saki mannewar, a ɗebo kitse daga cikinsa a cusa a ramin. Wani kaso na kitsen yakan narke, shi ya sa akan maimaita. In kuma na hagun ragowar naman nono ne, hoton sikanin zai nuna, a rage shi. Idan tsayin kan nonon ne ya sha bamban, ana yanke 'yar fata mai siffar jinjirin wata a ɗaga na ƙasan. Wannan aikin likitan gyaran fata da tsoka ne, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Ku riƙa ɗaukar hoto duk wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, ku tafi da su. Ku kuma karɓo sakamakon gwajin naman da aka cire, mutane na yawan barinsa a asibiti.

Hajiya Mai Kemis, Kazaure:
Ɗana, man bilicin ba ya goge tabo. Da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, suna siranta fata, sai gefen ya yi fari tabon ya ƙara fitowa. Baƙin da kuke gani al'adar fatarmu ce bayan rauni, yana dusashewa a hankali, tabo kuma sai ya yi wata 12 zuwa 18 kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe.

Abin da ke aiki shi ne maganin tabo na silikon, na shafawa ko na liƙawa, aƙalla awa 12 a rana, wata 2 zuwa 3 ba fashi. Da zafin nan namu na shafawa ya fi, don gumi na ɓamɓare na liƙawa. Kada rana ta riƙa dukan wurin, ya daina cire riga a gona.

Ku lura da iyakar tabon. In ya yi kauri amma bai wuce layin ɗinki ba, yakan kwanta. In yana haurawa kan lafiyayyar fata, yana sheƙi da ƙaiƙayi, kiloyid ne, kuma ƙirji wurinsa ne, balle in akwai mai shi a gidanku ko tabon hujin kunne da tsaga suna tashi. Maganinsa allurar triamcinolone a cikin tabon duk mako 4 zuwa 6. Likita ne zai yi, ba mai allurar unguwa ba, don in ta zarce cikin kitse wurin zai ƙara lotsawa ya yi fari. Yanke kiloyid shi kaɗai kuwa, sau da yawa dawowa yake ya fi da.

Ɗan Taura:
Allah ya saka da alheri. Gonar fa? Kuma rigar matse ƙirji da ake sawa bayan aikin, tun mako na biyu ya ajiye ta saboda zafi.

Malamin Jinya, Ringim:
Rigar mako 4 zuwa 6 ake so, ajiye ta da wuri na iya zama dalilin taruwar ruwa. Ya je a duba na hagun kafin komai, likitan ya faɗa ko zai mayar da ita. In babu ruwa, ya fara da shuka da cire ciyawa. Huɗa da garma, ɗaukar buhun taki da jan guga a rijiya ya ƙara musu mako biyu zuwa uku, ya shige su sannu a hankali. In yana shan sigari ya bari, tana rage jinin da ke isa kan nonon.