Kwamfuta ta ba ni P0135, wa ya taɓa gamuwa da ita?

Direba daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana biyar fitilar inji ta kama a motar da nake neman abinci da ita. Na je Sina'iyya (unguwar garejoji) aka jona kwamfuta, ta ba da lambar matsala P0135. Mai garejin ya ce hassas (wato sensa) ɗin salansa ne ya mutu, in kawo sabo. Motar lafiya lau take tafiya, sai dai mai yana ɗan saurin sauka, ga fahas (binciken lafiyar mota na hukuma) ya matso. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya ba mu labari.

Mai gyaran wayar mota, Makka:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Hassas ɗin nan iskar oksijin da ta rage a hayaƙi yake aunawa, kuma ba ya aiki sai zafinsa ya haura digiri 300. Shi ya sa aka sa masa ɗan hita a ciki, don kada ya tsaya jiran hayaƙi ya ɗumama shi. Abin da P0135 take cewa shi ne layin wutar hitan nan ya samu matsala, a hassas na farko, wanda yake kafin dabba (matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda a gida ake kira indomi). Layi kuwa ya haɗa fiyus, waya, soket da hitan kansa. Ni kullum da fiyus nake farawa. Daga nan in cire soket, in nemi wayoyin hitan, wato biyun da kalarsu ɗaya, a wasu motoci baƙaƙe, a wasu farare, in ɗora mita. In hitan na da rai za ka ga 'yan om (ma'aunin juriyar wuta) kaɗan. In mita ta nuna layin a tsinke yake, to a nan ne mai gareji ya yi gaskiya.

Dattijo daga Madina:
Yarona, ka ji maganar yayanka. Ni na yi gaggawa na sayi sabo, aka ɗaura, aka goge lambar. Washegari bayan Asuba ina tayar da mota fitila ta dawo. Ashe waya ce ta kwanta a jikin salansa, robarta ta narke, tana ƙona fiyus. Kuɗin nan har yau yana min ciwo, don na cefanen iyali ne na taɓa.

Wani daga Ɗa'if:
Tawa ɓera ne ya ci wayar, bayan na ajiye ta wata guda na je gida. A nan da muke da sanyi an fi jin abin, don kafin hassas ya yi zafi injin da ƙiyasi yake ba da mai, sai ya sha fiye da ƙima.

Wani daga Riyad:
Alhaji na Madina, Allah ya mayar da alheri. Ni kuskurena daban ne. Lambata P0141 ce, wato hassas na biyu, na bayan dabba, amma yaron gareji ya canza na gaba. Mai injin V6 kuma ya kula, ɓangare biyu gare shi: P0135 na ɓangaren da silinda ta 1 take, P0155 na ɗayan. Hassas na tashlih (inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci) ma ban yarda da shi ba sai an auna a gabana.

Direba daga Jidda:
Yaya, Baba, na gode, Allah ya saka. Na koma yau na ce a auna. Fiyus lafiya, wuta tana isa soket, amma hitan a tsinke yake. Na sayi sabo da lambar shasi, aka kwance tsohon da sifana 22 bayan salansa ta huce. Sau uku na tayar da motar da sanyinta, fitila ba ta dawo ba. Ranar Lahadi in sha Allahu zan shiga fahas.