Binciken makamashi a ginin ofisoshi: ko ya cancanci kuɗin da ake biya?

Mai Kula da Gini:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani gini mai hawa biyar da kamfanoni ke hayar ofisoshi a cikinsa, kuma shekara biyu ke nan kuɗin wutar da muke biya yana ta hauhawa, alhali masu haya ba su ƙaru ba. Mai ginin yana so a sauya na'urorin sanyaya ɗaki gaba ɗaya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin babu wanda ya auna ya tabbatar su ne ke shan wutar. An ba ni shawarar in fara ɗauko ƙwararre ya yi binciken makamashi. Don Allah, me mai binciken yake yi takamaimai, kuma ta yaya zan gane na ƙwarai?

Injiniyan Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka tattara takardun kuɗin wuta na aƙalla wata 12, ka duba adadin kilowat-awa, wato ma'aunin yawan wutar da aka sha, ba kuɗin ba, saboda mai yiwuwa farashi ne ya tashi ba amfani ba. Duk mai binciken da bai nemi waɗannan takardu a ranar farko ba, ka yi hattara da shi.

Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE da ke Amurka ta raba aikin zuwa mataki 3. A na farko ana zagaya gini ne, a duba takardu, a fitar da gyare-gyare marasa tsada. A na biyu ana tantance abin da kowane ɓangare ke ci, wato sanyaya ɗaki da fitilu da famfuna da lifta, sannan a lissafa kuɗin kowane gyara da tsawon lokacin da zai mayar da kuɗinsa. Na uku na manyan ayyuka ne masu cin jari mai yawa. A ganina na biyu ne ya dace da ku, tunda maganar sauya na'urori ake yi. Kuma kada ka yi mamaki idan rahoton ya ce gyara za a yi ba sauyi ba, domin fankar da aka rage gudunta da kashi 20 cikin 100 wutar da take ci tana raguwa da kusan rabi, kuma na'urar daidaita gudun injin fankar ce ke yin wannan aikin.

Tsohuwar Manaja:
Malam, abin da Injiniya ya faɗa na gan shi da idona. Da aka yi mana bincike, mai aikin ya maƙala na'urar auna wuta a babban akwatin lantarki har mako biyu. Ranar da ya buɗe mana kwamfutarsa, sai muka ga layin da ke nuna yawan wutar da ake sha bai sauka da dare ba, ƙarfe biyu na dare gini ba kowa amma yana jan wuta kamar ana tsakiyar aiki. Ashe agogon da ke kashe na'urorin sanyaya ya daɗe da lalacewa, wani ya mayar da shi kan kunnawa da hannu ya manta. Ya kuma zaro matatar iska guda ya nuna mana, ƙura ta toshe ta har haske ba ya ratsawa. Har yau ina jin takaicin shekarun da muka yi muna biyan wutar da ba ta amfani kowa ba.

Mai Lissafi:
Ni abin da zan ƙara shi ne, kada wanda zai sayar muku da na'urori ya zama shi ne mai binciken, ko da ya ce kyauta zai yi. Ku nemi mai zaman kansa, ku tambaye shi ko yana bin ƙa'idar ISO 50002, wato ƙa'idar duniya ta binciken makamashi wadda aka fara fitarwa a 2014, ku kuma nemi ganin rahoton wani aiki da ya taɓa yi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa zai dawo ya sake aunawa bayan gyara, domin ta haka ne kawai mai gini zai ga ribar a lambobi.

Mai Kula da Gini:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na riga na fito da takardun wata 24, kuma daren yau zan karanta mita bayan an rufe ofisoshi, in sake karantawa da asuba kafin kowa ya iso, sannan in kai wa mai ginin lambobin.