Mamar da ta riƙe ni tana awo da mudu biyu, ya zan yi?

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Salama 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Wata uku ke nan abin nan yana cina a rai, na rasa wa zan faɗa wa don duk wanda na sani a cocinmu ya san ta. Ina shekara 9 babana ya rasu, yayarsa ce ta ɗauko ni daga ƙauye ta kawo ni Jos ta sa ni makaranta har na gama sakandare, Mama nake ce mata. Tana da rumfar hatsi a wata kasuwa nan cikin gari, acca, wake, masara, shinkafa 'yar gida. Tunda ciwon gwiwa ya kama ta ni ce nake zaman rumfar, ita sai ta leƙo da yamma mu yi lissafi.

To mudu biyu ne a rumfar. Ɗaya na ƙarƙashin benci shi ake fitarwa in matan ƙauye sun kawo acca da sassafe, ɗayan na kan tebur shi ne na kwastoma. Da ban kula ba sai ranar da nake wanke su na ga na kan tebur an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Da dare na gwada a ɓoye, na auna wake mudu 10 da na ƙasa, na sake aunawa da na sama ya ba ni 11 har da ɗan saura. Akwai wata gwauruwa mai ƙosai da take sayen wake wurinmu kullum, rannan tace min 'yata waken nan ba ya kai ni kamar da, ko hannuna ne ya yi nauyi? Na yi dariya kawai amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na taɓa yi wa Mama maganar sau ɗaya, ta kalle ni tace ke yarinya ce, da wannan mudun na biya miki kuɗin WAEC. Daga nan bakina ya mutu. Ita kuma babba ce a Zumuntar Mata, asubar fari take tashe mu addu'a, ba muguwa bace ko kaɗan, marayu nawa suka ci tuwo a gidanta. Yanzu sau biyu ke nan ana Jibin Ubangiji ina zamewa waje don hannuna ne yake awon. In na ƙi na zama butulu, in na ci gaba zuciyata ba ta bari na yi barci. Ku ba ni shawara don Allah, banda zagi.

Maman 'Yan Biyu:
Ayya ƙanwata sannu. Wannan rashin barcin kar ki ɗauke shi ciwo, lamirinki ne yake da rai. Bari manya su zo, ni dai ina sa ki a addu'a.

Ɗan Gada Biyu:
Gaskiya ni ban ga abin tada hankali ba. Wace rumfa ce babu wannan? Kin san nawa ake biyan mota daga Mangu zuwa Jos yanzu, ga kuɗin lebura ga na rasit ga ƙwari su cinye rabin wake kafin a sayar. Mai saye ma ya sani, shi ya sa yake cewa a yi masa gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kin ci kin sha a gidan, ki yi shiru ki yi aikinki, in kin yi aure kin buɗe naki sai ki auna yadda kike so.

Malamin Makarantar Lahadi:
Ɗan'uwa na Gada Biyu ka yi haƙuri amma ba haka bane. Wannan ba ya cikin abubuwan da za a ce kowa da fahimtarsa, an rubuta shi ƙarara. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarsa ko a gidansa, kamar rumfar nan aka leƙa aka rubuta. Karin Magana 11:1 da 20:10 sun kira shi abin ƙyama ga Ubangiji. Annabi Amos a 8:5 ya yi faɗa da 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce su koma su rage mudu su ƙara kuɗi, wato masu zuwa sujada ne su ma, ba arna ba. Kuma ki lura mutum biyu ake cuta, matar ƙauyen da ta sha wahalar sussukar acca da mai ƙosai. Shawarata ki kai wa fasto maganar gobe.

Mai Hatsi Tun 1998:
Malam ayoyinka daidai ne amma maganar fasto gobe a'a, ka taɓa ganin yadda magana take yawo a zumunta? Kafin Lahadi har waƙa za a yi da ita, matar da ta riƙe yarinyar nan shekara da shekaru ta ji a bakin duniya. Wannan ba gyara bane tonon asiri ne.

'Yata ki saurare ni, ni na yi wannan abin da hannuna ba labari aka ba ni ba. A babbar kasuwar Taminus nake kafin gobarar 2002, kuma mudu biyu gare ni kamar Mamanki, har makerin da yake bubbuga mana shi na sani, wani lokaci ma yanke bakin ake yi kaɗan a sake naɗe shi ba mai ganewa. Da wuta ta cinye komai na koma bakin titi da buhu ɗaya na bashi da mudu ɗaya tak, don kuɗin sayen na biyu ma babu. Ban ce miki wai Allah ne ya ƙona kasuwa saboda ni ba, mutanen kirki da yawa sun yi asara a wurin, amma a zaman nan ne na yi tunani na ce ba zan koma ba.

Abin da na koya shi ne, masu saye iri biyu ne. Akwai mai wucewa ya sayi mudu ɗaya ba za ki ƙara ganinsa ba, akwai kuma masu sana'a, mai ƙosai, mai alale, mai kunu, mai abincin sayarwa, su waɗannan in sun je gida sake aunawa suke da kwanonsu, sun san ƙosai nawa mudu yake fitarwa. Gwauruwar nan taki ta sani sarai, kunya ce ta sa ta ce ko hannunta ne. Ni ƙara kuɗi na yi a fili, in maƙwabciyata ta ce kaza ni sai in ɗora kaɗan in ce ga mudun ki duba gindinsa. Wata biyun farko na sha wuya ba ƙarya, mutane suna jin kuɗin su wuce, wata rana har kuka na yi a bayan buhu. Daga baya masu sana'ar nan su suka riƙa kawo min junansu. Ban yi kuɗi ba fa, kar wani ya ce miki gaskiya tana kawo mota, har yau haya nake. Amma ba na sunkuyar da kai in na haɗu da kwastoma a layin baiko.

In za ki je wurinta ki je da lissafi a takarda, buhu nawa ya shigo, mudu nawa yake ba da wa da mudun gaskiya, nawa za a sa a fita. Tsoron talauci ne yake riƙe da ita, wa'azi kaɗai ba zai cire shi ba don ita ma ta iya wa'azin.

Ɗan Gada Biyu:
Mama na ji, amma in kasuwa ta mutu wa zai sayi maganin gwiwar?

'Yar Kwaya:
Ni dai da ni ce ba sai na yi magana ba, in Mama ba ta nan sai in riƙa auna wa mutane da babban mudun shi ke nan, Allah ya ga zuciyata.

Maman 'Yan Biyu:
Haba 'Yar Kwaya, da yamma in aka zo lissafi buhu bai kai ba me za ta ce? Ko ta yi ƙarya ko a ce tana sata. An gudu daga rami an faɗa rijiya ke nan. Kayan ba nata bane, duk abin da za ta yi Mama ta sani.

Baba Dattijo, Bukuru:
Jikata ce take rubuta min wannan ina faɗa mata, idona ba ya ganin ƙananan rubutun waya. 'Yata na ji maganarki. A tsohon Littafi Mai Tsarki namu na Hausa, fassarar 1932 da muka tashi da ita, Kubawar Shari'a ake kiran littafin da malam ya ambata, abin da ya faɗa kuwa haka yake, ba zan ƙara ba. Ni kan yadda za ki yi ne zan yi magana.

Matiyu 18:15 ya ce a fara zuwa wurin mutum tsakaninku ku biyu kaɗai. Kin ce kin taɓa yi, amma ina jin a rumfa kika yi, a tsaye, ƙila ma da mutane kusa. Wannan ba a lissafa shi. Bulus ya gaya wa Timoti, 1 Timoti 5:1-2, kada ya tsauta wa dattijo, tsofaffin mata kuma ya yi musu magana kamar uwa. Saboda haka ki bari sai an gama addu'ar dare yara sun kwanta, ki durƙusa, ki fara da godiya kuma ki lissafa abin da ta yi miki ɗaya bayan ɗaya don ta san ba ki manta ba. Kada ki ce Mama kina zunubi. Ki ce Mama hannuna ya kasa, ki yafe min, duk aikin da kika sa ni zan yi amma wannan mudun ba zan iya ɗauka ba. Annabi Natan ma da ya je wurin Dawuda labarin 'yar tunkiya ya fara ba shi, ke kuma kina da labarin mai ƙosai, ki ba ta shi yadda kika ba mu.

Za ta ji zafi, ƙila ta yi kwana ba ta amsa gaisuwarki ba, ki ci gaba da gaishe ta da kai mata ruwan zafi na gwiwa. In ta ƙi sam, sai ki nemi mutum ɗaya da take jin nauyinsa wanda bakinsa yake da murfi, ba taro ba. Maganar WAEC kuma, kada ta ɗaure ki. Guminta ma yana cikin kuɗin nan, shekara nawa tana fita cikin sanyin Disamba na Jos.

Jibi kuwa, 1 Korantiyawa 11:28 cewa ya yi mutum ya auna kansa sa'an nan ya ci, bai ce ya auna kansa ya gudu ba.

Malamin Makarantar Lahadi:
Baba na karɓi gyara, na yi gaggawa. Amma fa akwai mayarwa, Zakka mai karɓar haraji a Luka 19:8 bai tsaya kan tuba da baki ba.

Mai Hatsi Tun 1998:
Malam a bi a hankali, a fara cire mudun tukuna. Ke kuma in kina da ɗan kuɗin kanki ki sayi wake ki ƙara wa gwauruwar, wannan naki ne ba mai tambayarki.

Mai tambaya (ta hannun Admin):
Na gode muku duka, har da ɗan'uwa na Gada Biyu don tambayar da ya yi ita ce Mama ta yi min kalma da kalma. Daren Talata na yi yadda Baba ya ce. Ban kai ƙarshen labarin mai ƙosai ba ta ce in tashi in ba ta wuri, takardar lissafin ma ba ta karɓa ba, na bar ta kan kujera. Laraba da Alhamis ba ta yi min magana ba sai dai ta aiko ƙaramin ɗanta ya karɓi cinikin. Yau Juma'a na je buɗe rumfa na tarar ƙaramin mudun ba ya kan tebur, wani mudun ne a wurinsa, ƙaramin kuma ba ta jefar ba, yana cikin buhun da muke tara ledoji. Kuɗin wake kuma ta rubuta sabo a jikin kwali, ta ɗora fiye da wanda na lissafa ma. Mutum huɗu sun tambaya sun wuce. Mai ƙosai ta zo wajen ƙarfe 10, ta ji kuɗin ta yi tsaki, ta juya mudun ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, ta ce in auna mata biyu maimakon ukun da ta saba. Babban na sayen acca har yanzu yana ƙarƙashin benci, matan ƙauye kuma Litinin za su zo, ban san wanne za ta ce in fitar ba. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.